Taswirar Kamfani ko ta Gida: Muhawara kan Lissafin Hanya a Waya a Ƙasar Bakura, Mafara da Maradun

Wayar hannu da ke nuna wa matafiyi hanya ayyuka uku take yi, ko da yake mai riƙe da ita abu guda yake gani. Na farko, ta gano inda take a doron ƙasa. Wannan aikin taurarin ɗan'adam ne, irin na GPS da Amurka ta harba, masu shawagi a nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa, da takwarorinsu na Rasha da Turai da Sin. Saurare kawai wayar ke yi. Da ta kama saƙon taurari huɗu ta san matsayinta, babu ruwanta da kati ko data ko turken kamfanin sadarwa. Na biyu, ta samu taswira, wato zanen garuruwa da tituna da koguna. Na uku, ta lissafa hanyar da za a bi daga nan zuwa can. A kan na biyu da na ukun ake jayayya, domin ana iya yin su a wurare daban-daban, kuma duk wanda ya riƙe su shi ke yanke wa baƙo inda zai bi.

Tsarin da aka fi sabawa da shi shi ne na Google Maps, wadda ta fito a 2005. Waya ta aika tambaya ta intanet zuwa manyan kwamfutocin kamfanin, su lissafa, su dawo da amsa. A tsari na biyu, mutum ko ƙungiya ce ke ajiye tata kwamfutar, wadda masu sana'ar ke kira saba, a zuba mata taswira da manhajar lissafin hanya, wayoyin 'yan ƙungiyar su riƙa tambayarta maimakon kamfani. A tsari na uku kuwa ba a tambayar kowa: ana sauke taswirar da manhajar lissafin duka a cikin wayar, ta yi komai da kanta. Masu kiran a dogara da kai kan haɗa na biyu da na uku a baki ɗaya, alhali hujjar da ke tsayar da ɗaya ba lallai ta tsayar da ɗayan ba. Rabin saɓanin da ke cikin wannan batu daga nan ya samo asali.

Abin da ya sa tsari na biyu da na uku suka yiwu shi ne OpenStreetMap, taswirar duniya da wani ɗan Ingila, Steve Coast, ya assasa a 2004, wadda masu sa kai ke zanawa kuma kowa ke da izinin ɗauka kyauta. Kamfanin Geofabrik na birnin Karlsruhe a Jamus yana yanka ta ƙasa-ƙasa kullum, ana iya sauke ta Najeriya baki ɗaya cikin ɗaruruwan megabait. Manhajar lissafi tana ɗaukar wannan zane ta mayar da shi mahaɗu da zirin da ke tsakaninsu, ta ba kowane ziri farashi gwargwadon tsawonsa da saurin da ake tsammanin mota za ta yi a kansa, sannan ta nemi jerin da farashinsa ya fi sauƙi. Tushen dabarar tsoho ne, masanin lissafi ɗan ƙasar Holan Edsger Dijkstra ya wallafa shi tun 1959. Manhajojin da ake ɗorawa a saba a yau, irin su OSRM da GraphHopper da Valhalla, duk a buɗe suke, ba a sayen lasisinsu. A ɓangaren waya kuma akwai OsmAnd da Organic Maps, masu lissafa hanya ba tare da intanet ba. OsmAnd tana ma ba da damar a rubuta mata adireshin sabar da mutum ya kafa, ta riƙa neman hanya daga can.

Yankin Dakko, a ƙaramar hukumar Bakura, da maƙwabtansa na Talata Mafara da Maradun, wuri ne da ya dace a auna wannan magana, domin yana da irin hanyoyin da ke wahalar da kowace taswira. Babban titin Gusau zuwa Sakkwato ya ratsa Talata Mafara, daga jikinsa rassan kwalta suka shiga Bakura da Maradun. Bayan waɗannan, sauran duk burji ne da turbar kabu-kabu da burtali da hanyoyin gefen magudanan ruwa na aikin Bakolori, madatsar da aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, wadda aka shimfiɗa wa filin noman rani kimanin hekta 23,000 a cikin ƙananan hukumomin uku. Ɗan gari ba ya neman waya ta kai shi kasuwar Talata. Masu buƙatar taswira a nan baƙi ne da ma'aikata: direban motar asibiti da aka turo daga Gusau, masu rigakafi, malaman gona, masu raba taki da iri, fataken da ke zuwa sayen shinkafa, da 'yan hidimar ƙasa da ake kaiwa rumfunan zaɓe a ƙauyukan da ba su taɓa jin sunansu ba.

Hujja mafi ƙarfi a hannun masu cewa a rabu da dogaro da kamfani ita ce abin da ya faru a 2021. A watan Fabrairu aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙasar Mafara, a Agusta aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura, ranar 1 ga Satumba aka ɗauki ɗalibai 73 a Kaya ta ƙasar Maradun. Kwana biyu bayan haka, ranar 3 ga Satumba, hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe turakunsu a duk faɗin Zamfara bisa roƙon gwamnan lokacin, Bello Matawalle. Mako biyu aka ce da farko. Gusau ta samu sabis a farkon Oktoba, sauran jihar sai ƙarshen Nuwamba. Wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna ma an rufe nasu. A tsawon wannan lokaci duk manhajar da ke jiran amsa daga intanet ta mutu murus, amma taurarin ɗan'adam ba su daina aika saƙonsu ba. Wayar da ke ɗauke da taswira a cikinta ta ci gaba da nuna matsayi da hanya kamar ba abin da ya faru. Ko ba da umarnin hukuma ba, akwai ƙauyuka da yawa da sai an hau tudu ake samun sabis, akwai turakun da man janaretansu ke ƙarewa, ga kuma irin katsewar wayoyin ƙarƙashin teku da ta rikita intanet a Afirka ta Yamma ranar 14 ga Maris 2024.

Wannan hujja gaskiya ce, sai dai ba ta kai inda masu kawo ta ke son ta kai ba. Sabar da wata ƙungiya ta ajiye a Gusau ko Kano, ko ta yi haya a Turai, ta turakun nan dai waya ke isa gare ta. Ranar da aka kashe su, ita da ta Google sun zama ɗaya a wurin direban da ke tsakanin Rini da Bakura. Abin da rufewar 2021 ta tabbatar shi ne fifikon taswirar da ke cikin waya a kan kowace saba, ta gida ce ko ta waje. Masu goyon bayan Google kuma kan ƙara da cewa tun 2015 manhajarsu ta ba da damar a sauke yanki a yi amfani da shi babu intanet, don haka ba sai an canza komai ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan ma, amma da iyaka. Yankin da aka sauke yana da wa'adi, yana buƙatar a sabunta shi ta intanet, kuma hanyar mota kaɗai yake lissafawa. Ba a kuma iya tura shi daga waya zuwa waya. Fayil ɗin taswirar OsmAnd kuwa ana iya kwafarsa a katin memori ko a tura shi kamar yadda masu shagon caji ke tura wa mutane finafinai da wa'azi. A garin da aka yi wata uku babu sabis, wannan bambanci yana da nauyi: mutum guda da ya je Sakkwato ya sauko da sabuwar taswira ya ishi tasha guda.

Hujja ta biyu ita ce ta fi dacewa da saba, kuma ta fi cancantar a tsaya a kanta. Farashin da manhaja ke ba kowace hanya zato ne, kuma zaton da aka gina a kan titunan Turai da Amurka ba ya sanin damina. Turbar da mota ke shararawa a kanta a watan Fabrairu, a Agusta laka ce da ba ta barin ko tarakta ta fita. Mashigin rafin da ake tsallakewa a bushe rabin shekara yakan cika ya raba ƙauye da asibiti na kwanaki. Kwalbati guda idan ruwa ya cinye, hanyar kilomita 10 ta koma ta 40. A cikin filin Bakolori akwai hanyoyin da ke bin gefen magudana, masu kyau a ido daga sama, amma wata ƙaramar gadar da ke kansu kabu-kabu da amalanke kaɗai take ɗauka, motar taki ba ta wucewa. Akwai kuma yashin da ke riƙe ƙaramar mota ya bar babur ya wuce. Wanda ke riƙe da manhajar lissafi yana iya rubuta duk wannan a cikin ƙa'idojinta. Yana iya yin tsarin rani da tsarin damina, tsarin babur da na motar asibiti da na babbar mota, ya rage saurin da ake zato a kan burji, ya toshe wani ziri yau ya buɗe shi jibi. Valhalla tana karɓar umarnin a kauce wa wani yanki gaba ɗaya a cikin tambayar kanta, OSRM kuma tana karɓar jerin saurin da aka sabunta wa kowane yanki na titi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da mai amfani da Google zai iya yi. Iyakarsa ya aika gyara ya jira a duba. Gaskiya ne kamfanin ya kawo tsarin babur Najeriya a 2019, amma 'yan acaɓar birane aka yi wa shi, kuma bayanin cunkoso da ya sa manhajar ta yi fice a Legas da Kano daga ɗimbin wayoyin da ke kan titi ake tattara shi. Turbar da mutum biyar masu babbar waya ke bi a wuni ba ta samar da irin wannan bayani.

Akwai kuma aikin da ya wuce kai mutum guda wuri guda. Ofishin lafiya da ke da rukunin masu rigakafi 30 da ƙauyuka 200 yana son sanin wane rukuni zai ɗauki waɗanne ƙauyuka da kuma jerin da za a bi su kafin ƙanƙarar da ke riƙe da allurar ta narke. Wannan lissafin nisa ne tsakanin kowane wuri da kowane wuri, tambayoyi dubbai a lokaci guda. Kamfani yana sayar da irin wannan da dala, kuma tun Yulin 2018 Google ta ɗaga farashin ta kuma wajabta wa masu gina manhaja a kan taswirarta su buɗe asusun biya. Bayan faɗuwar darajar naira daga tsakiyar 2023, duk abin da ake biya da dala ya zama abin dubawa sau biyu. Kwamfutar ofis ta yau da kullum, idan aka yanko mata Zamfara da maƙwabtanta kaɗai, tana yin wannan lissafi ba tare da an biya kowa sisi ba, kuma ba ta ma buƙatar intanet idan a cikin ofishin za a yi aikin a raba wa wayoyi sakamakon kafin a fita.

Martanin masu adawa a nan shi ne mafi nauyi a duk muhawarar. Manhajar lissafi ba ta san hanyar da ba a zana ba. Idan turbar da ta haɗa ƙauyuka biyu ba ta cikin taswira, ko an zana ta amma ba a haɗa bakinta da titi ba, mafi ingancin saba za ta ce babu hanya, ko ta zagaya da mutum ta inda bai kamata ba. OpenStreetMap tana da cika a inda masu sa kai suka yi yawa, kuma karkarar arewa maso yammacin Najeriya ba ta cikin waɗannan wurare. Yawancin abin da ke kanta daga hoton tauraron ɗan'adam aka kwafa, da hannun mutanen da ba su taɓa taka ƙasar ba. Hoto yana nuna akwai turba. Ba ya nuna ko yashi ce ko tsakuwa, ba ya nuna gadar da ta karye bara, ba ya faɗin sunan gari. Sunayen ma wata matsala ce mai zaman kanta: Sabon Gari da Nasarawa da Tudun Wada sun cika kowace ƙaramar hukuma, Tunga da Gidan wane ba su ƙirguwa, ga rubutun Turawan mulkin mallaka da ya mayar da Tsafe Chafe, ga haruffa masu ƙugiya da wani ya sa wani ya bari. Direban da ya rubuta suna ya samu wurare shida bai amfana da komai ba. Duk ƙa'idojin damina da rani da aka ambata a sama suna aiki ne kawai idan wani ya bi hanyoyin ya rubuta yanayin kowace.

Tarihin yaƙi da shan inna ya nuna cewa wannan aiki mai yiwuwa ne, ya kuma nuna tsadarsa. Kafin 2012 masu rigakafi a arewa da taswirar da aka zana da hannu suke fita, ƙauyuka da rugage da yawa ba sa ciki, yaransu ba sa samun ɗigo. Daga baya aka zana matsugunan jihohin da cutar ta fi ƙamari daga hoton sama, aka tura mutane suka tabbatar da sunaye a ƙasa, aka kuma riƙa ba rukunin masu rigakafi wayoyi masu GPS don a ga inda suka taka da inda suka tsallake. Ƙungiyar eHealth Africa da ke Kano ta riƙe wani babban ɓangare na aikin, Gidauniyar Gates ta zuba kuɗi, kuma bayanan matsugunan suka zama wani tushe na shirin GRID3 da ke raba su ga jama'a. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Masu goyon bayan dogaro da kai na kawo wannan a matsayin shaida cewa taswirar da aka gina a gida ta yi abin da ta kamfani ba ta yi ba. Masu adawa na kawo shi a matsayin shaida cewa sai da shekaru da ma'aikata masu albashi da kuɗin waje aka iya. Duka biyun sun faɗi gaskiya. Abin lura kawai shi ne aikin shan inna matsugunai ya fi mayar da hankali a kai, yanayin hanyoyin da ke tsakaninsu bai samu irin wannan kulawa ba, kuma shi ne abin da lissafin hanya ke ci.

Daga nan sai batun sirri, wanda a Turai yana cikin abubuwan da ke sa mutane kafa sabarsu. Duk tambayar da waya ta aika tana ɗauke da inda mutum yake da inda zai je. A 2018 kamfanin dillancin labarai na AP ya bankaɗo cewa Google na adana wuraren da mutane suka je ko da sun kashe maɓallin tarihin wuri, kuma a Nuwamban 2022 kamfanin ya amince ya biya jihohin Amurka 40 dala miliyan 391.5 kan wannan. Najeriya ta samu dokar kare bayanan jama'a a Yunin 2023, wadda ta ɗora wa duk mai tattara bayanan mutane nauyin tsare su. Ƙungiyar agaji ko ofishin lafiya da ba ya son zirga-zirgar ma'aikatansa ta fita daga hannunsa yana da hujjar doka da ta hankali.

Amma barazanar da ke gaban matafiyi a wannan yanki ba daga Google take ba. Mutumin ƙauye irin Damri ko Faru ba kamfanin talla yake tsoro ba, tsoronsa infoma ne, wato na cikin gari da ke kai wa 'yan bindiga labarin wanda ya sayar da amfanin gona da motar da za ta taso da asuba. Ta wannan fuska sabar gida tana iya fin ta kamfani haɗari. Bayanan da ke hannun Google suna nesa da ɓarayin daji. Bayanan da ke cikin kwamfutar wani ofis a Mafara, mai lambar sirri guda da mutum bakwai suka sani, suna kusa da su ƙwarai. Idan aka ɗora wa taswirar alamar hanyoyin da ake ganin lafiya lau ne, da wuraren shingen jami'an tsaro, da lokacin da motar asibiti ke wucewa, an haɗa wa maƙiyi abin da zai daɗe yana nema. Kuma waya abu ce da ake ƙwacewa tun a minti na farko idan an tare hanya. Duniya ta ga misalin wannan a Janairun 2018, lokacin da taswirar manhajar motsa jiki ta Strava ta fallasa fasalin sansanonin sojan Amurka a ƙasashen waje, ba don wani ya yi kutse ba, sai don an tara sawun mutane wuri guda an nuna. Maganin wannan a fasaha sananne ne, a hana sabar adana tambayoyi, a kulle wayoyi, a taƙaita masu shiga. Amma kowane ɗaya yana buƙatar mutum mai sani da riƙon amana da zai tsaya a kai kullum.

Akwai wani dalili ma da ya fi wannan zurfi na ƙin sa labarin tsaro a cikin manhaja. Labarin damina yana yin makonni yana nan daram. Labarin tsaro sa'o'i ne ransa. Hanyar da aka bi lafiya da hantsi ana iya tare ta da la'asar, kuma manhajar da ta zana wa baƙo koren layi a kanta ta ba shi natsuwar da ba ta da tushe. Manhaja ba ta shakka, ba ta cewa a dakata a ji daga motar da ke tahowa. Direbobin tashar Mafara da 'yan kamasho da 'yan kabu-kabu suna da tsarinsu da ya girmi waya: ana tambayar wanda ya fito yanzu, ana duba ko motoci na tahowa daga gaba ko titin ya yi tsit, ana jira a taru a tafi tare, ana sanin sa'ar da ba a wucewa ko da me. Matambayi ba ya ɓata, in ji Hausawa, kuma a wannan fage babu wata saba da ta kama ƙafar tambaya. Duk tsarin da zai sa baƙo ya wuce tasha bai tsaya ya yi sallama ya tambayi hanya ba, ya rage masa tsaro ne, ko wane ne ya mallaki kwamfutar.

Batun kuɗi da ɗawainiya gajere ne. Manhajar kyauta ce, wuta ba kyauta ba ce. Sabar da za ta amsa dare da rana tana son sola da batir, tana son layin intanet da ba ya yankewa, ga kuɗin data da aka yarda kamfanoni su ƙara da kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. Sama da duka tana son mai kula. Kamfanin Mapzen da ya ƙirƙiro Valhalla ya rufe a farkon 2018, manhajar ta rayu ne saboda a buɗe take kuma wasu sun ɗauka. Sabar ƙaramar ƙungiya ba ta da wannan gata. Ranar da yaron da ya kafa ta ya samu aiki a Abuja, takan ci gaba da ba da amsa daga taswirar da ta tsufa, kuma babu mai lura sai an yi ɓatan kai.

Idan aka auna duka, amsar ta danganta da mai tambaya. Ga mutum guda, falke ne ko malamin asibiti ko ɗan hidimar ƙasa, kafa saba wahala ce marar riba. Abin da ya dace da shi ya sauke taswirar jiharsa da maƙwabtanta a manhajar da ke lissafi a cikin waya, ya bar Google a gefe don shiga Kano ko Abuja inda ta fi kowa sanin shaguna da cunkoso. Babu dokar da ta ce sai an zaɓi ɗaya. Ga hukuma ko ƙungiya mai motoci da ma'aikata da yawa, kamar masu kula da aikin Bakolori ko sashen lafiya na ƙaramar hukuma, riƙe manhajar lissafi yana da ma'ana, amma a matsayin kwamfutar ofis da ke tsara tafiye-tafiye tana kuma haɗa fayil ɗin taswira da za a zuba wa wayoyi, ba wadda direba zai dogara da ita yana tsakiyar daji ba. Lasisin OpenStreetMap bai hana ƙungiya ta riƙe wasu bayananta na cikin gida daban ba, muddin ba ta fitar da su ga jama'a a gauraye da taswirar ba. Don haka ana iya raba abu biyu: sunan gari, nau'in hanya, gada, mashigi da watannin da yake cika su tafi taswirar kowa da kowa; jadawalin tafiya da duk abin da ya shafi tsaro ya tsaya a bakin mutane.

Aikin da ya rage, wanda kowane ɓangare na muhawarar ke jira, shi ne na bin hanyoyin. Ba ya buƙatar saba. Ɗan kabu-kabu da ya kunna ɗaukar sawu a wayarsa daga Dakko zuwa Bakura ya samar da layin da ya fi na hoton sama inganci, kuma shi ya san inda yashi yake da watan da rafi ke hana wucewa. Abin da ba shi da shi shi ne wanda zai karɓi sawun ya shigar, ya rubuta sunan kowane ƙauye yadda mutanensa ke faɗa da kuma yadda takardun hukuma suka rubuta, don mai nema ya same shi ta kowace fuska. Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau tana nan cikin Talata Mafara, kwalejin aikin gona tana Bakura, kuma ɗalibansu daga waɗannan ƙauyuka suka fito. Shirin Missing Maps, wanda ƙungiyar likitoci ta MSF da ƙungiyoyin Red Cross na Birtaniya da Amurka da masu zanen taswirar agaji suka kafa a 2014, a kan wannan tsari yake tafiya: na nesa su zana daga hoto, na gida su sa suna su gyara. A yankin Bakura da Maradun kashi na biyun ne ke da wuya, domin wasu hanyoyin ba a shiga su yanzu, kuma yawo da waya ana ɗaukar sawu yana iya jawo wa mutum zargi daga kowane ɓangare. Shi ya sa irin wannan aiki ke buƙatar sanin hakimi da dagaci da shugabannin tasha tun kafin a fara, a kuma soma da hanyoyin da ake bi kullum zuwa asibiti da kasuwa da gonakin rani.